Gawa Ba Ta Jan Famfo

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Asabar aka kira ofishin 'yan sanda. An tsinci gawar wani maigadi a cikin siton siminti a unguwar Al-Sulay ta birnin Riyad, ga bindiga a gefensa.

Da aka ji mamacin ɗan Najeriya ne, ba a tsaya duba wa ke kan aiki ba, aka miƙa wa Kamil takardar. Kullum haka ake masa. A Riyad aka haife shi, kakansa ne ya zo Hajji a ƙasa ya zauna. Larabci ya fi sauƙi a bakinsa, amma Hausar da kakarsa ta ɗura masa tana nan ba ta goge ba. Muƙaminsa yana da sunansa na Larabci, sai dai Hausawan gari Insifekta suke ce masa, shi kuma ya ƙyale su.

Siton dogo ne, rufin kwano, buhuna jere har sama. Tun da safen nan zafi ya fara dukan kwanon. A wani fili tsakanin buhunan mamacin yake kwance rigingine a kan tabarma, harbi ɗaya a ƙirji. Iƙamarsa, wato katin zamansa a ƙasar, ta nuna sunansa Ghali, shekara talatin da ɗaya.

Kamil ya tsuguna kan bindigar. Shozan ce, irin wadda Larabawa ke farautar tsuntsu da ita, mai wani mariƙi a ƙasan bututu da ake ja baya a tura gaba bayan kowane harbi. Mai famfo ake ce mata. Kusa da hannun mamacin ga jan kwanson harsashi a ajiye, tsaf, kamar wanda aka auna wa wuri.

Sajan ɗin da ke tare da shi ya riga ya buɗe littafi. "Ya kashe kansa ne, ranka ya daɗe," in ji shi da Larabci.

Kamil ya sa safar hannu, ya ja mariƙin baya a hankali. Babu abin da ya fito. Cikin bindigar wayam.

"Wannan ba ta tofar da kwanso da kanta," Kamil ya ce. "Sai an ja ta. Kana nufin ya harbi ƙirjinsa, ya ja famfo, ya rufe, ya ajiye kwanson kusa da hannunsa, sannan ya mutu?"

Sajan ya rufe littafin.

Wanda ya kira 'yan sanda yana tsaye a ƙofa cikin farar jallabiya, da carbi a hannun hagu. Alhaji Abdulwahid, shugaban leburorin wani kamfanin gini, kuma shugaban ƙungiyar 'yan Tungar Baure mazauna Riyad. Shekararsa ashirin da shida a ƙasar. Kamil ya miƙa masa hannu, sai ya ga dattijon ya cije leɓe kafin ya iya ɗaga damansa.

"Kafaɗar fa, Baba Alhaji?"

"Sanyin ƙashi ne, ɗana."

"Sanyi, a Riyad, a watan Yuli. Allah ya sauwaƙe. Kai ka same shi?"

"Ni ne. Jiya ban gan shi a masallacin Juma'a ba, raina bai kwanta ba, na ce bari in leƙo da safe."

"Shi kaɗai ya wuni a nan?"

"Shi kaɗai. Yaron nan ya daɗe cikin damuwa. Ɓarayin daji sun addabi garinmu, bara suka kashe mahaifinsa. Shaiɗan ne ya same shi shi kaɗai." Ya ja carbi. "Mu dai roƙonmu a ba mu shi mu kai shi maƙabartar Al-Oud, a rufa masa asiri. Tone-tone ba zai dawo da shi ba."

Kamil ya sha jin wannan magana har ta ishe shi. Duk abin da ya faru a tsakanin mutanen nan, a rufa asiri. Leburan da ya faɗo daga bene, a rufa asiri. Yarinyar da aka daka a gidan aiki, a rufa asiri. Kuma bai taɓa ganin an rufa asirin wanda aka cuta ba.

"Ka san bindiga, Baba Alhaji?"

"Ni? Harba-ka-ruga ta mahaifina kawai na sani, tun ina yaro nake bin sa farauta. Ita kuwa in ta tashi sau ɗaya ta zama sanda, sai an sake ɗura albarushi. Waɗannan na zamani ko taɓa su ban taɓa yi ba."

Kamil ya rubuta maganar yadda ya faɗe ta.

*

Mai siton, Abu Nawaf, shi ne kafilin Ghali, wato wanda zamansa a ƙasar ke hannunsa. A Al-Nasim gidansa yake. Da safen nan ya sauka daga jirgi, ya dawo daga kai iyalinsa hutu kudu. Ya karɓi Kamil a falo da gahawa da dabino.

"Allah ya jiƙansa, yaron kirki ne," ya ce da Larabci. "Yanzu sai na nemo wani maigadin, ga lokacin zafi."

"Bindigar taka ce?"

"Tawa ce, da lasisi. A ofishin siton nake kulle ta. Ya fasa ya ɗauka ke nan."

"Ba a fasa komai ba. Lasisinka bindiga biyu ya nuna. Ina ɗayar?"

Abu Nawaf ya kai shi wani ɗaki ya buɗe kabad. Wannan ta fi waccan kyau nesa ba kusa ba, baƙa sumul, ba ta da mariƙin ja. Irin wadda in an harba take tofar da kwanso ta ɗora wani harsashin da kanta.

"Tun farautar hunturu ba ta fita daga nan ba," in ji mai gidan.

Kamil ya zura farin ƙyalle a bakin bututun, ya fito baƙi. Ya juya gindinta. A cikin zanen robar gindin akwai wata ƙura mai launin toka da ba ta yi kama da yashin sahara ba. Ya murza ta a yatsa. Siminti.

"Wa ke riƙe da makullan gidan nan in ka yi tafiya?"

Abu Nawaf ya ajiye kofinsa. "Direba. Musbahu."

*

Kafin ya nemi direban, Kamil ya biya wani gida layi huɗu daga nan. Ƙanwar mamacin, Hansai, tana aikatau a can. Uwar ɗakinta ta ba ta minti goma a ƙofar baya, kusa da kwandunan shara.

Idonta ya kumbura, amma ba ta yi kuka a gabansa ba.

"Baba Alhaji ya kira ni ɗazu," ta ce. "Ya ce in 'yan sanda sun zo in ce ban san komai ba, in tuna da iƙamata. Ya ce in gaya wa Inna zazzaɓi ne."

"Kin gaya mata?"

"Ban kira ba. Yallaɓai, Tungar Baure ba ta ɓoye magana. Kafin sati kowa zai ji wai ɗan Inna ya kashe kansa a ƙasa mai tsarki. Matar da ta binne miji bara, ita za a riƙa nunawa a bakin rijiya. 'Ya'yansa biyu da wannan sunan za su tashi." Ta zaro waya daga cikin hijabinta. "Yaya Ghali bai kashe kansa ba. Ka ji wannan. Jiya ƙarfe ɗaya ya turo."

Ta danna saƙon murya. Aka ji ƙarar mota da hayaniyar maza, sannan wata murya mai fara'a.

"Hansai, mun fito masallaci, ga mu a motar Musbahu har da Baba Alhaji. Yau dai za a raba gardamar nan. Ni na ce mai famfo za mu haɗu mu saya wa 'yan sintirin garinmu. Ba ta jin ƙura, kowane harsashi ka ba ta za ta ci, kuma ba ta sake tashi sai ka ja ta da hannunka. Baba Alhaji ya kafe sai mai ɗora kanta, wai kafin ka gama ja ɓarayi sun shigo har ɗaka."

Daga can baya aka ji muryar dattijo: "Gaya mata yayanta ƙauyanci ke damunsa." Aka kwashe da dariya, saƙon ya yanke.

"Wata uku suna wannan musun," in ji Hansai. "Kowace Juma'a. A gida kuwa mutane a daji suke kwana."

Kamil ya tura saƙon zuwa wayarsa. Daga cikin gida aka ƙwala wa Hansai kira. Ta juya, sannan ta tsaya.

"Kada ka bari a binne shi da wannan maganar a kansa."

A mota, mai gidansa na ofis ya kira. Asibiti na son sanin ko za a saki gawar, mutanen mamacin sun amince babu wanda suke zargi, me ake jira? Kamil ya nemi a ba shi zuwa la'asar. Aka ba shi, da ƙyar.

*

Musbahu siriri ne, bai wuce talatin da biyar ba. Tun da aka zaunar da shi a ɗakin tambaya yake murza hularsa.

"Ina ka wuni jiya?"

"A ɗakina, yallaɓai. Na dawo masallaci na kwanta."

"Kai kaɗai ka dawo?"

"Ni kaɗai."

Kamil ya ajiye waya a kan tebur ya danna. Muryar Ghali ta cika ɗakin. Da aka zo wajen dariyar, Musbahu ya runtse ido. Tasa dariyar ta fi ta kowa ƙarfi a ciki.

"Akwai siminti a gindin bindigar mai gidanka," Kamil ya ce. "Makullan kabad ɗin da na ofishin siton suna jikin makullin motarka. Yanzu haka kai kaɗai nake da shi, Musbahu. In ka ga za ka iya ɗauka kai kaɗai, bismilla."

"Wallahi ba ni na harba ba."

"To fara daga farko."

"Musun ne ya ƙi ƙarewa. Duk cikinmu babu wanda ya taɓa riƙe ko ɗaya, a waya kawai muke gani. Sai na ce tunda mai gida ya yi tafiya, bari in kawo su a gani da ido. Ranar Juma'a Al-Sulay babu kowa, ko bam aka tayar ba mai ji."

"Ku nawa?"

"Bakwai, har da marigayi. Muka ci shinkafa. Ghali ya harba mai famfon a jikin buhu, ya ja, kwanso ya fito. Kowa ya yaba."

"Harsashi nawa ka sa mata?"

"Ɗaya."

"Ɗayar fa?"

"Uku. Don a ga yadda take ɗorawa."

"Ka gaya musu uku ka sa?"

Musbahu ya ci gaba da murza hularsa.

"Wa ya karɓe ta?"

"Yallaɓai, mun dafa Alƙur'ani."

Kamil ya miƙe tsaye har kujerarsa ta buga bango. "Kun dafa Alƙur'ani a kan ku yi wa mamaci ƙazafi. Mutum shida, kun fito daga sallar Juma'a, kun ci abinci a faranti ɗaya da shi, kun bar shi kwance a kan tabarma tun azahar ɗin jiya har safiyar yau, cikin zafin nan. Shi ne kake gaya min rantsuwa?"

Hawaye ya zubo wa Musbahu, amma bai buɗe baki ba. Kamil ya san ba zai buɗe ba. Ya fi tsoron a ce a gida shi ya tona dattijo, a kan ya kwana a kurkuku.

"Ba ni sunayen sauran. Wannan ai ba ka rantse a kansa ba."

*

Bayan azahar aka tara su shida a cikin siton. An ɗauke gawar, an bar tabarmar. Leburori uku, tela ɗaya, Musbahu, sai Alhaji Abdulwahid a gaba, har yanzu da carbinsa. Kowa aka tambaya amsa ɗaya ce, kalma a kan kalma: bai zo nan jiya ba, Ghali ya daɗe cikin damuwa.

Sajan ya yaye wata tamfol da aka rufa a kan buhuna. Ga ramuka biyu, siminti ya tsiyaye ƙasa.

"Na ji wata uku kuna musu a kan bindigogin nan," in ji Kamil. "Ni ma ina so in gani."

Ya karɓi baƙar bindigar daga hannun Sajan, ya juya musu baya, ya sa mata harsashi. Ya saita buhunan ya harba. Ƙarar ta girgiza kwanon rufi, jan kwanso ya yi tsalle gefe ya gangara.

Ya juyo, bakin bindigar na kallon ƙasa, ya nufi dattijon da ita.

"Riƙe min, Baba Alhaji. Ai ta riga ta tashi."

Alhaji Abdulwahid ya ja da baya da sauri har ya yi karo da buhuna, carbin ya faɗi.

"Kauce da ita! Akwai saura a cikinta!"

Kamil ya karkata bindigar ya nuna masa cikinta a buɗe, babu komai.

"Ɗaya na sa. Amma da safe ka ce min harba-ka-ruga kaɗai ka sani, wadda in ta tashi ta zama sanda. Ka ce waɗannan ko taɓa su ba ka taɓa yi ba. Yaushe ka koyi cewa wannan tana ajiye saura?"

"A waya na gani."

"Buɗe kafaɗarka."

"Ɗana, ni sa'an mahaifinka ne."

"Shi ya sa na ce ka buɗe da kanka."

Dattijon ya dubi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai. Ya ɓalle maɓallan jallabiyar da hannun hagu, ya zame ta. A gaban kafaɗar dama ga shatin gindin bindiga, jini ya taru ya yi baƙi, irin na wanda bai manna ta da kyau ba ta hankaɗe shi.

Ya zauna a kan buhu. Da ya fara magana, muryarsa ta wani tsufa.

"Na harba a buhu. Ta buge ni na kusa faɗuwa, yaran suka yi dariya. Ghali ya ce, ka gani ko Baba, wannan sai ta kayar da 'yan sintirin kafin ɓarayi su iso. Raina ya ɓaci. Yaron da ni na yi masa hanyar zuwa ƙasar nan." Ya share fuska. "Na juyo ina masa bayani, ina nuna shi da ita yadda mahaifina yake nuna mutum da tasa in an dawo daga daji. Shekara hamsin abin da na sani ke nan, in ta yi magana sau ɗaya ta gama. Na ce masa, kai ba ka gane ba, wannan ba ka jan komai, taɓawa kawai za ka yi, haka. Sai na taɓa."

Tela ya fashe da kuka. Babu wanda ya dube shi.

"Ya mutu nan take?"

"Ya ɗan jima."

"Nawa?"

"Ya yi kalmar shahada."

"Na ce minti nawa, Baba Alhaji. Asibiti minti goma ne daga nan."

Dattijon ya kawar da kai.

"Wa ya kawo shawarar a ce ya kashe kansa?"

"Ni ne. Ka duba mana, ɗana. Baƙi ne mu, ga shi za a same mu da bindiga a hannu. Iƙama shida za a soke, gida shida a Tungar Baure za su rasa mai ciyar da su. Na ce Musbahu ya mayar da baƙar inda ya ɗauko ta, a bar mai famfon tunda dama a nan take. Muka tsince kwansayen, na ajiye ɗaya kusa da shi. Na ga kamar haka ake samu."

"Gida shida ka ƙirga. Na bakwai fa?"

"Shi ya riga ya tafi. Babu abin da zai ƙara cutar da shi."

"Yana da uwa. Yana da 'ya'ya biyu. Yana da ƙanwa da ka kira da safe ka tsorata ta da iƙama." Kamil ya matso kusa da shi. "Harbin kuskure ne, kuma haka zan rubuta. Da kun ɗauke shi kun kai asibiti, da abin da za a ce ke nan. Amma duk abin da ya biyo bayan harbin da saninka ka yi shi, da hankalinka, har da Alƙur'ani a hannu. Shekara ashirin da shida suna kawo maka kukansu kana ce musu a rufa asiri. Jiya ka nuna musu asirin wa ake rufawa."

Sajan ya matso da ankwa. Da ya kama hannun daman, dattijon ya yi ƙara kaɗan saboda kafaɗar, sai aka ɗaure shi ta gaba. Aka fita da shi, sauran biyar na biye, zuwa motar da ke jira a rana. Carbin yana nan a ƙasa cikin ƙurar siminti, babu wanda ya waiwaye shi.

Kamil ya kira Hansai. Sai a kira na uku ta samu ta ɗauka, ana jin ƙarar ruwa a kicin.

"Ki kira Inna," ya ce. "Ki gaya mata harbinsa aka yi bisa kuskure, kuma wanda ya yi ya amsa. Ki gaya mata ya cika da kalmar shahada. Zan ba ki takarda mai hatimi, ki tura gida a karanta a ƙofar masallaci in ana so."

Ya ji ta tsayar da ruwan. Sannan ta ce, "Wane ne?"

Ya gaya mata.

"Shi ya yi wa Yaya Ghali waliyyi ranar aurensa," ta ce, ta kashe wayar.

Kamil ya koma mota ya buɗe fayil. A saman takardar farko, inda Sajan ya fara rubutawa da safe, ya ja layi biyu a kan "ya kashe kansa", ya sa hannu a gefe. Yana cikin rubutu wani abu ya yi haske a kujerar gefensa. Wayar Ghali ce, a cikin ledar shaida. Saƙo ne daga wani da aka ajiye da suna Idrisu Sintiri, ana iya karanta shi ta cikin ledar.

"Jiya ma sun zo, sun kora shanun gidan liman. Don Allah kun yanke kuwa? Mai famfon ce ko ɗayar?"

Kamil ya zuba wa rubutun ido har hasken ya mutu.